Maɓalli Arba'in da Biyu

Ajiye kwanon nan, 'yar nan, kar ki zubar min da su. Na san maɓallai kawai kike gani, wani fari wani baƙi, wani ma na tsohuwar kwat, amma ƙirgaggu ne. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin gado sai mun ɗaga gadon nan ni da ke. Zo ki ɗora min ƙafata kan matashi, ki zauna in gaya miki. Zancen kawunki ne, autana, wannan da kike gani yana jan ƙafa da sanda. Ke ba ki san shi da gudu ba, lokacin kina can wajen aikin ubanki, ko haƙoran gaba ba ki sake ba.

Shi tun yana ƙarami ba mai gudu ba ne. In na aike shi sayen ashana sai na manta na aike shi. Kakanki ya duba ya ce wannan aikin zaune ne ya dace da shi, ya kai shi wurin tela. Aka dace kuwa, hannunsa ya faɗa. Shekara kusan talatin yana shago ɗaya a bakin titi, keke biyu, na ƙafa da na wuta, teburin yanka, dutsen guga, tef a wuya, alli a bayan kunne. Sai wani gwangwanin madara da yake tara maɓallai a ciki, duk wanda ya cire daga tsohuwar riga ba ya yarwa. Zama ya yi zama, tumbi ya fito, har sai ya ja kujera baya kafin ya taka keken. Yana da shekara arba'in da biyar jiri ya kwashe shi wata rana, ya faɗi kan teburin yankan. Likita ya ce jininsa ya hau, sukari ma yana leƙowa, in yana son ganin auren 'ya'yansa to ya tashi ya motsa jiki.

To shagon da ke jikin nasa na wani mai gyaran agogo ne. Siriri, baki ba ya rufuwa, kullum da ɗan gilashin nan maƙale a ido ɗaya. Shekara ashirin suna maƙwabtaka suna tsokanar juna. Shi yana ce wa kawunki Buhu, kawunki yana ce masa Tsinke. Shi ne ya zo ƙofar gidan nan da sassafe yana buga ƙaure, wai a turo masa Buhu su je gudu. Ranar farko ko wajen mai facin taya kawunki bai kai ba, ya zauna kan tsohuwar taya yana haki kamar an koro shi. Mutanen layi suna tambaya wa ya biyo su. Ni kaina na ce masa, kai da furfura a gemu, ka rasa abin yi sai gajeren wando a titi. Matarsa ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Amma ba su fasa ba. Akwai hanyar nan da ta zagaye filin makaranta, ta bi bayan gidan burodi, ta wuce tankin ruwa, ta dawo ta ƙofarmu. Mai Agogo ya auna ta da babur ɗinsa ya ce kilomita ɗaya ce. Ita suke zagayawa. Shekara uku ana haka, tumbi ya tafi, wanduna duk sai da ya rage musu ƙugu. Ya dawo yana hawa matakala bibbiyu. Kuma duk lissafin yana hannun Mai Agogo, shi ke duba lokaci, shi ke ƙirga zagaye, shi ke surutu. Kawunki nasa kawai ya bi, yana ta hagu, abokin yana ta dama.

Sai suka jiyo ana wani babban gudu sau ɗaya a shekara a cikin gari, wai gudun famfalaki, kilomita arba'in da biyu. Na ce to in an kai me za a samu a can? Mai Agogo ya ce, Inna, ciwon ƙafa da ɗan ƙarfe a wuya. Suka yi wa juna alkawari baɗi da su za a yi, tare za su shiga tare za su fita, ko da rarrafe. Ya sayi ɗan littafi ya tsara musu komai. Ranakun aiki kaɗan-kaɗan, ranar hutu kuma dogo, kowane sati ana ƙarawa, har a kai zagaye talatin da biyar, sannan a huta a jira ranar.

Ba su kai tsakiyar littafin ba. Ciwon ciki ya kama Mai Agogo, kwana uku, aka shiga da shi tiyata, bai farka ba. Mutumin da ko mura ban taɓa jin ya yi ba. Bayan an share makoki matarsa ta kawo wa kawunki agogon hannunsa da ɗan littafin nan. Ya ɗaura agogon. Bayan sati biyu agogon ya tsaya cak. Aka ce ya kai a duba, ya ce mai gyaransa ya tafi, ba wanda zai buɗe masa ciki. Haka yake ɗaura shi a tsaye, har yau yana hannunsa, ki duba ki gani.

Wata guda bai taɓa takalmin gudunsa ba. Sai wata safiya na ji ƙaure ya yi ƙara. Na leƙa, na gan shi shi kaɗai ya sha kwana.

Da ya dawo ya zauna nan bakin ƙofata yana kwance igiyar takalmi. Ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi. Ya ce gudu kai kaɗai wani abu ne daban, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙafarka. Ya ce yana tsintar kansa ya matsa hagu ya bar wa wani fili a dama. In ya zo kwanar tanki sai ya rage, don nan Tsinke yake tsayawa gyaran safa. Abin da ya fi damunsa kuma ƙirga. Yana kaiwa shida ko bakwai sai ya shiga hira da mamacin a cikin kansa, kafin ya farga bai san nawa ya yi ba. Kuma ya ce gudun nan sai ya yi shi, an riga an yi alkawari.

Washegari ya zo da gwangwanin madaran nan daga shago, ya ƙirgo arba'in da biyu, ya ɗauko kwano biyu. Ya ce, "Inna, ke ce agogona yanzu." Ni ban yi boko ba, amma ƙirga ba wanda zai cuce ni. Yadda muke yi, zai duba littafi ya zuba na ranar a kwano ɗaya. In zauna kan kujera a ƙofar gida da gorar ruwa. Duk wucewa in ɗauki ɗaya in jefa a ɗayan kwanon. In na farkon ya ƙare sai in ɗaga masa shi a kife, ya san ya gama. Ya ce arba'in da biyun duka ba a nan za a yi su ba, sai can ranar babban gudun.

Da farko tsakani da Allah nake yi. Goma, sha huɗu, sha takwas. Har daɗi nake ji, in ya wuce ya ɗaga min yatsa, mai faci yana yi masa kirari wai ga Buhu ya zama jirgi.

Ranar zagaye ashirin da biyu ce. Rana ta fito da wuri. Wajen zagaye na sha biyar ya tsaya karɓar ruwa, na kalli fuskarsa. Leɓensa ya yi fari, gishiri ya bushe masa a gefen ido, rigar ta goge masa ƙirji har jini ya ɓata ta wuri biyu. Ya miƙo min gorar, ya wuce. Ni kuwa sai faɗuwar nan ta kan tebur ta dawo min. Na tuna Mai Agogo da ya fi shi lafiya, ga shi an kai shi. Ban zauna na shirya ba, 'yar nan, wallahi ban shirya ba. Hannuna ne kawai ya ɗauki biyu. Da ya sake zagayowa ya kuma ɗaukar biyu.

Na kife masa kwano, ya tsaya. Ya yi wanka, ya sha shayi, ya ce yau jikinsa sakayau, ashe ashirin da biyu ba wani abu ba ne. Ya kwanta ya yi barcinsa lafiya. Na ce a raina, to me na ɓata? Ɗana na taimaka.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk ranar dogon gudu, da na ga kafaɗarsa ta fara faɗuwa sai in riƙa haɗawa, biyu, wani lokacin uku. Shi ba ya ƙirgawa, ya sakar min komai, yana can yana hirarsa. Agogon hannunsa kuma a tsaye. Wata rana matarsa ta fito zubar da shara ta ce, Inna kamar biyu na ga kin jefa. Na ce idonki ne, ki je ki duba tukunyarki. Ta kalle ni, ta kalli mijinta yana tafe yana layi, ta koma ciki. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar talatin da biyar, ranar da littafi ya ƙare, na kife kwano tun inuwar katanga ba ta bar bakin kwata ba. Ya tsaya ya dafa gwiwa, ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya ce, "Inna, ashe na yi sauri haka? Da Tsinke yana nan ya ga Buhu yau." Ya share ido da gefen riga. Gaskiyar ta zo min har baki. Na haɗiye ta, na ce ya shiga ruwan wanka zai huce.

Ranar gudun muka bi shi ni da matarsa. Rigar da ya sa shi ya ɗinka ta, ya yi mata ɗan aljihu ta ciki ya sa littafin. Aka maƙala masa lamba a ƙirji. Jama'a kamar ƙasa, ban taɓa ganin ƙafafu da yawa haka ba. Aka busa suka tafi, mu kuma aka kai mu inda ake ƙarewa, na samu gindin wata bishiya na zauna. Na farko suka iso, sirara kamar ba sa cin abinci. Sai na tsakiya. Sai mata, sai masu ƙiba, har wani tsoho da na tabbata ya kusa sa'ana ya shigo yana ɗingishi ana tafa masa. Duk wanda ya shigo a rataya masa ƙarfen nan. Ina ta miƙa wuya. Rana ta take, aka fara naɗe igiyoyi, ana kwashe tebura. Can sai ga motar da take kwaso waɗanda suka kasa. Yana ciki, a kujerar baya, an lulluɓa masa wani abu a kafaɗa.

Ashe ya tashi da ƙarfi, don a saninsa shi mai sauri ne, talatin da biyar ba ta yi masa komai. Yana wuce ashirin da bakwai ƙafafun suka sandare kamar itace. Jikin bai taɓa zuwa wurin ba, shi kuma bai san bai taɓa ba. Ya koma tafiya, ya koma dafa bango, har talatin da ɗaya. Nan ya zauna a bakin titi, ya yi ya yi ya tashi abu ya gagara.

Muka dawo a mota. Sai da muka shigo layi ya ce, "A gida na yi talatin da biyar ban ji komai ba. Ashe ba ƙafa ba ce, zuciya ce ba ni da ita. In ba shi a gefena ni ba komai ba ne."

Matarsa ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi taga. Na gaya wa kaina in na faɗa zai koma ya yi na gaskiyar, ya faɗi ya mutu a titi. Da wannan a ciki, ban musa ba. Amma yanzu da na tsufa na daina yi wa kaina ƙarya, kunya ta fi yawa. Yaro ya ce ke ce agogona, in buɗe baki in ce masa me?

Ya wanke takalmin, ya shanya, ya ɗora shi saman kabad. Shekara huɗu yana can yana shan ƙura. Ya koma kan keke daga safe har yamma. Shagon Mai Agogo wani mai sayar da caja ya kama, ko gaisuwar kirki ba sa yi. Wandunan da ya rage ya dawo yana farke su yana ƙarawa. Magani ya sha yau ya manta gobe. In na ce, Auta ba za ka ɗan zagaya ba ko sau biyu, sai ya ce a bar wa masu iyawa. In lokacin gudun ya zagayo aka fara zancensa a rediyo, sai ya miƙa hannu ya kashe. Ni kuwa maɓallan nan suna cikin akwatina, a ƙulle a bakin tsohon ɗankwali. Duk sanda na buɗe neman wani abu sai na ji ƙararsu.

Wata rana da hantsi yana yanka yadi almakashi ya suɓuce masa. Ya sunkuya ɗauka, hannun bai bi shi ba. Ɓarin hagu gaba ɗaya ya tafi, baki ya karkace. Aka kwantar da shi asibiti.

Kwana tara ina zaune gefen gadon. A na taran matarsa ta fita karɓo magani, daga ni sai shi. Yana ji, yana ganewa, maganar ce take fita da nauyi. Na ce, Auta, akwai abin da na yi maka. Na gaya masa duka, tun daga ranar ashirin da biyu. Ban yi kuka ba sai da na gama, don kar ya ce a bar zancen.

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Nawa?"

Na ce ban riƙe ba, biyu-biyu ne, wani lokacin uku.

Ya ce, "Ranar talatin da biyar."

Na ce, "Ba ka wuce ashirin da huɗu ba."

Ya juya fuska bango. Kwana uku ko ruwa bai karɓa a hannuna ba, sai matarsa ta ba shi. Ban yi fushi ba, ina zan samu bakin fushi? Ina zaune dai, ban tafi gida ba. A rana ta uku ina gyara masa bargo sai na ji ya yi wani sauti, na ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce da rabin baki. Ya ce, "Da ashirin da huɗu na je na yi talatin da ɗaya. Inna, ashe na yi ƙoƙari."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Shekara huɗu yana ganin kansa rago, yana ganin ya ci amanar abokinsa, alhali maganar da za ta sauke masa tana cikin bakina, muna cin abinci gida ɗaya. Na tare likita a baranda na tambaye shi, da bai daina gudun ba, da wannan ciwon zai zo? Ya ce Mama ba wanda zai iya sanin wannan. Mutumin kirki ne, amma ni dai na ga tumbin da ya tafi, na ga kuma ranar da ya fara dawowa.

Gudu kam an ce ya ƙare masa har abada. Tafiya aka ce ya riƙa yi, ita ce maganin. Da aka sallame shi ya yi wata biyar yana koyon taka tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa famfo. Ranar da ya fara kaiwa ƙofar gida ya aiko a kira ni. Ya ce in ɗauko maɓallan. Na ɗauka zai ce in zubar. Sai ya ce in zuba arba'in da biyun duka a kwano ɗaya. Ya ce alkawari bai ce a rana ɗaya ba, ko da ya ce ɗin ma, Tsinke zai yi haƙuri. Ya ce, "Ɗaya-ɗaya, Inna. In ban shigo ƙofar nan da ƙafata ba, ba a sawa."

To shi ne wannan da kika ɗauka. Zagayen da yake yi da kafin in gama shan kofin shayi, yanzu yana fita ana fito da burodin farko, ba ya dawowa sai 'yan makaranta sun fito tara. Ba ya yarda kowa ya raka shi. Yana bin gefen hagu, sanda a dama, agogon a hannun da ba ya motsi. Kuma ba kullum ba, sai ranar da ƙafar ta yarda. Wata bakwai ke nan, ashirin da shida suka ƙetara. Da farko yana yin biyar, shida a wata. Watan jiya biyu ya yi. Ƙafar ƙara nauyi take, shi ya sani, ni na sani, ba mu dai zancen.

Shekaranjiya ya fita, na zauna har rana ta zo kan ƙafata. Sai ga mai faci ya goyo shi a babur. Wai ya wuce tanki, saura ya sha kwana ɗaya ya hango gida, ƙafar ta ƙi. Aka sauke shi yana zufa, wandon duk ƙasa. Maɓallin yana hannuna tun safe, har ya yi ɗumi. Hannuna kawai ya kalla. Na mayar da shi inda na ɗauko.

Ƙirga min na wannan kwanon, idona ba ya raba baƙaƙen da kyau. A hankali, kina ajiyewa kan zanen. Sha shida ko? To haka ne, mayar da su. Ki fitar min da kujera ƙofar gida, ki cika gorar nan a famfo. Na ji ƙarar sandarsa a tsakar gida, yau da alama zai gwada.